Basir ya hana ni sakat, ga shi abincina yana kan kujerar tuƙi

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 46, ina zaune a Makka da iyalina, ina tuƙa babbar motar wani kamfani da ke jigilar masu Umra tsakanin Makka da Madina. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da basir. Da farko ƙaiƙayi ne da ɗan jini bayan na yi bahaya, daga baya tsiro ya fara fitowa yana komawa da kansa, yanzu kuwa wani lokaci sai na mayar da shi da hannu. Idan tafiya ta yi tsawo, zama a kujera azaba ne. Ban taɓa zuwa asibiti ba saboda kunya, da kuma tsoron kada a ce sai an yi mini aiki. Hajiyarmu ta hana ko da maganar tiyata, kullum tana dafa mini sanamaki, ga kuma wani jiƙo da aka aiko mana daga gida. Maiɗakina ta ga jini a wandona wajen wanki, na ce mata ba komai, kuma tun daga lokacin nake baya-baya da ita, har ta fara tunanin ko laifi ta yi mini. Abin da ya fi damuna shi ne salla: ina ta sake alwala, har na rage shiga Harami don gudun kada in shiga da najasa. Ga azumi yana matsowa, lokacin da aiki ya fi yawa, ina tsoron neman hutu. Ina mafita?

Wani direba, Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Tun da ka ce salla ce ta fi damunka, bari mu fara da ita, domin mai ɗauke da nauyi a zuciya ba ya jin sauran magana da kyau.

Ka sani cewa wannan ciwo ya sami mutanen da suka fi mu daraja. Sahabin nan Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, ya yi fama da basir, kuma bai ɓoye ba. Ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Bukhari. A mazhabar Malikiyya, wadda galibin mutanenmu suka tashi a kanta, jinin basir shi kaɗai ba ya warware alwala, kuma danshin basir da ke yawan taɓa tufa an yi wa mai shi rangwame a kansa. Malaman da za ka fi ji a nan Saudiyya, da yawansu suna ganin abin da ya fito daga cikin mafita yana warware alwala, amma su ma sun ce mai larurar da ba ta yankewa ya wanke wurin, ya sa auduga ko ƙyalle mai tare jinin, ya yi alwala idan lokacin salla ya shiga, ya yi sallarsa ba tare da waiwaye ba. Ta kowace hanya ka bi, babu wanda ya ɗora maka sake alwala sau uku ko huɗu, kuma babu wanda ya rufe maka ƙofar Harami. Ka zauna da malamin da ka amince da shi, ka faɗa masa halin da kake ciki dalla-dalla, ka riƙe fatawa guda ɗaya, ka bar wasiwasi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarka kuwa daban ne: shekara biyu kana ganin jini, kana da shekara 46, kuma har yau babu likitan da ya duba ka. Yadda ka kwatanta abin ya yi kama da basir sosai, kuma mafi yawan masu irin wannan bayani basir ɗin ake samu. Sai dai akwai wasu cututtuka da ke zuwa da jini ta wannan hanya, kamar tsagewar fatar dubura, da kumburin hanji, da ƙananan tsiro a cikin babban hanji, har da sankarar hanji, kuma mutum yana iya samun basir tare da ɗaya daga cikinsu a lokaci guda. A Saudiyya sankarar babban hanji ce kan gaba cikin sankarar da ke kama maza, shi ya sa ake ba da shawarar fara gwajinta daga shekara 45 ko da mutum yana jin lafiyarsa lau. Ban faɗi haka don in tsorata ka ba. Na faɗa ne don ka gane cewa zuwa asibiti sau ɗaya ya zama dole, kuma da alama za ka fito da kwanciyar hankalin da ka rasa tun bara.

Dubawar ba ta ɗaukar lokaci. Likita zai tambaye ka, ya duba wurin, ya sa yatsa da safar hannu, wataƙila ya leƙa da ɗan gajeren bututu mai haske, kuma duka a cikin 'yan mintuna ne. Kana da damar neman likita namiji. Ka roƙi a auna jininka, domin zubar jini kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci yana jawo ƙarancin jini, wanda ke kawo kasala da jiri, kuma jiri a bayan sitiyari da rayukan bayin Allah a mota ba abin wasa ba ne. Idan likita ya ce a duba hanjin gaba ɗaya da na'ura, ka amince. Idan ba ka san inda za ka fara ba, lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita ta waya dare da rana, kuma dokar ƙasar ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu yi wa ma'aikatansu inshorar lafiya, don haka ka duba katinka ka ga asibitocin da ya ƙunsa kafin ka fara lissafin riyal. Akwai kuma alamun da ba sa jiran ranar hutu: jini mai yawa da ya ƙi tsayawa, bahaya baƙi ƙirin kamar kwalta, rama ba dalili, zazzaɓi tare da zugi a wurin, ko tsiron ya fito ya kumbura ya ƙi komawa. Ko ɗaya ka gani, ka nufi sashen gaggawa a ranar.

Shi basir, jijiyoyin jini ne da Allah ya halicci kowa da su a bakin dubura, suna taimakawa wajen rufe mafita. Idan aka yi ta matsa musu da yunƙuri, ko da dogon zama, ko ɗaukar kaya masu nauyi, sai su kumbura su saki, su fara zubar da jini ko su zazzago. Likitoci sun kasa basir na ciki, wato mai tasowa daga cikin dubura, mataki huɗu: wanda ba ya fitowa, wanda ke fitowa ya koma da kansa, wanda sai an mayar da shi da hannu, da wanda ya fito ya zauna a waje. Bisa bayaninka kana tsakanin na biyu da na uku, wato matakin da gyaran abinci da ɗabi'a ke rage wahala ƙwarai, kuma idan ana buƙatar ƙarin magani, sau da yawa ba a kai ga tiyata.

Tushen sauƙin duka shi ne bahaya ya yi laushi ya fita ba tare da nishi ba. Duk wani man shafawa da ƙwaya suna biyo bayan wannan ne. Jiki yana buƙatar kimanin giram 25 zuwa 30 na harza a kullum, wato ɓangaren hatsi da ganye da 'ya'yan itace da hanji ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa bahaya. Abincin direba a kan hanyar Madina kuwa mun san shi: shinkafa bukhari ko kabsa da kaza, farin burodi, shayi mai sukari, sai lemon kwalba, kuma duka babu harza a cikinsu sai kaɗan. Abin farin ciki, maganin yana cikin abincin da ke kewaye da kai, kuma mai araha ne. Ful ɗin safe, wato dafaffen waken nan na Larabawa, yana da harza sosai, sai dai ka riƙa haɗa shi da burodin alkama mai dusa maimakon fari. Kofi ɗaya na dafaffen adas, wato ƙananan waken nan masu faɗi, yana ba da kusan giram 15, rabin buƙatar yini ke nan. Jarish, wato faten ɓarzajjiyar alkama, da miyar shufan, wato hatsin oats, da ake sha da azumi, da wake, da tuwon dawa ko na gero, duk abokanka ne. Miyar kuɓewa da ta lalo da ta kuka da kwaɗon zogale ko rama, waɗanda Hajiya da maiɗakinka suka fi kowa iyawa, sun fi maka amfani da nisa a kan kazar hanya. Ka riƙa ajiye dabino da lemon zaƙi da tuffa da kokwamba kusa da kujerarka, amma idan kana da ciwon sukari ka yi hankali da yawan dabino. Ka ƙara waɗannan sannu a hankali cikin mako biyu ko uku, saboda idan aka tula su lokaci guda ciki yana kumbura da iska, mutum ya ce abin bai karɓe shi ba ya daina. Idan abinci bai wadatar ba, a kantin magani akwai garin ispagula da ake damawa a ruwa, kamar Fybogel, ko ruwan laktulos, kuma ana iya shansu na tsawon lokaci bisa shawarar likita.

Sai ruwa, kuma a nan nake zargin akwai babban ɓangare na matsalarka. Direbobin doguwar hanya sukan rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matsa musu, alhali tafiyar Makka zuwa Madina ta haura kilomita 400, cikin zafin Hijaz da iskar na'urar sanyaya mota mai busar da jiki. Harza ba tare da ruwa ba tana ƙara taurin bahaya ne. Ka sa wa kanka aƙalla lita biyu a yini, fiye da haka a lokacin zafi, ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ka ƙara sha sosai kamar rabin sa'a kafin wurin da ka saba tsayawa. Launin fitsarinka zai gaya maka gaskiya: idan ya yi duhu, ruwan bai isa ba.

Yadda ake shiga banɗaki ma yana da nasa hukunci. Idan bahaya ya matsa, kada ka danne shi har ka isa masauki, domin duk lokacin da ya ƙara a hanji ƙara bushewa yake yi. Hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, saboda haka ka tashi da ɗan wuri, ka ci abinci, ka sha abu mai ɗumi, ka ba kanka lokaci kafin ka ɗauki mota. Idan ka shiga, kada ka wuce minti biyar, kada ka shiga da waya, kuma idan bai zo ba ka tashi ka dawo daga baya maimakon ka yi ta yunƙuri. Tsugunno irin namu ya fi sauƙin fitar da bahaya. Idan masan zama ne, ka ɗora ƙafafunka a kan ɗan kujera ko bulo don gwiwoyi su ɗaga sama da ƙugu. Wajen tsarki, ka rage ƙarfin ruwan bututu, kada ka goga da ƙarfi, ka guji sabulu mai ƙamshi, sannan ka tsane wurin a hankali, domin danshin da ke zama shi ke ƙara ƙaiƙayi.

Ranar da ciwon ya tashi, ka zuba ruwa mai ɗumi, wanda ba ya ƙuna, a baho ka zauna ciki minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, musamman bayan bahaya, ba tare da ƙara masa gishiri ko Dettol ba. Ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta na 'yan mintuna tana rage kumburi. Idan tsiron ya fito, ka mayar da shi a hankali da hannu mai tsabta, hakan daidai ne. Don zafi, farasitamol ya wadatar. Asfirin da ibuprofen suna iya ƙara zubar jini, amma idan likita ne ya ɗora ka a kan asfirin saboda zuciya, kada ka daina sai ka koma wurinsa. Ka nisanci tiramadol da duk maganin da ke da kodin, domin suna ɗaure ciki, suna kawo gyangyaɗi a kan hanya, ga kuma tsananin dokar ƙasar a kansu. Man shafawa da 'yan ƙwayoyin da ake sawa a dubura suna kwantar da raɗaɗi, sai dai masu sinadarin kotizon ba a wuce mako guda ana amfani da su, saboda suna sa fatar wurin ta yi siriri. A kan hanya kuma, duk inda ka tsaya don salla ko abinci, ka sauko ka taka na 'yan mintuna maimakon ka kishingiɗa a kujera, ka sa matashi mai laushi, kuma wajen loda jakunkuna da jarkokin Zamzam ka nemi taimako, kada ka riƙe numfashi kana ɗaga kaya.

Game da Hajiya, ka fahimce ta kafin ka yi mata musu. Uwa ce da ke ganin ɗanta yana wahala, kuma tabbas ta ji labarin wani da aka yi wa aiki ya sha wuya. Sanamakin da take dafawa, wanda muke kira filasko, magani ne na gaskiya, har likitocin zamani suna yin ƙwaya da shi. Aikinsa shi ne zaburar da hanji, don haka na kwana kaɗan ne idan ciki ya ɗaure. Shan sa kullum yana kawo murɗa da zawo da raguwar gishirin jiki, kuma zawo yana fama basir kamar yadda taurin bahaya ke yi. Jiƙon da aka aiko kuwa, tun da babu wanda ya san abin da ke ciki da adadinsa, ka ajiye shi, ka kai wa likita ya gani. Abin da nake roƙonka da babbar murya shi ne kada ka bari kowa ya yanke tsiron, ko ya ƙona shi, ko ya cusa masa wani gari mai ci, domin irin wannan yana barin tabon da ke tsuke mafita, gyaransa kuma ya fi basir ɗin wuya. Ka je wa Hajiya da ladabi, ka ce mata duba ka kawai za a yi, kuma babu abin da za a yi sai da saninta. Sannan ka ba ta aikin da za ta ji daɗinsa, ka ce likitoci sun ce miyar kuɓewa da zogale da tuwon dawa suna cikin magani. Uwar da aka ba hanyar taimakon ɗanta ba kasafai take tsayawa kan gardama ba.

Tsoron tiyatar ma ya kamata ka san iyakarsa. Ga mataki irin naka, abin da aka fi yi shi ne ɗaurin roba: likita ya sa ɗan zobe a gindin basir ɗin na ciki, jini ya daina isa gare shi, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda. Ana yin sa a ɗakin likita cikin mintuna, ba a sa mutum barci, yawanci ana komawa aiki bayan kwana ɗaya ko biyu, ko da yake wani lokaci sai an maimaita. Akwai kuma allurar da ke sa jijiyar ta tsuke. Tiyatar cirewa ana barinta ne ga wanda basir ɗinsa ya yi girma ko sauran hanyoyi suka gaza. Tana da zafi kuma jinyarta takan kai mako biyu zuwa huɗu, amma ita ce ta fi hana shi dawowa, kuma rashin iya riƙe bahaya da ake tsoratar da mutane da shi abu ne da ba kasafai yake faruwa ba a hannun ƙwararren likita. Jinkiri shi ke kai mutum daga matakin roba zuwa matakin wuƙa.

Maiɗakinka kuwa, a gaskiya ɗan'uwa, an shiga haƙƙinta. Ta ga jini, ta tambaya, an rufe mata baki, sannan mijinta ya ja baya. Duk macen da ta sami kanta a haka za ta yi ta saƙe-saƙe, kuma abin da take saƙawa ya fi basir muni. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce mata basir ne ke damunka, kunya ce ta hana ka faɗa, kuma ba ta yi maka komai ba. Ita ce za ta shirya maka guzurin hanya da ruwan ɗumi, ba ka da mataimaki kamarta. Idan kuma cikin ja da bayan naka akwai tsoron maganar nan da ta yaɗu a cikinmu, cewa basir yana kashe ƙarfin namiji, to ka sani shi kansa basir ba ya yin haka. Zafi da damuwa da gajiya da ƙarancin jini su ne ke rage sha'awa, kuma idan raunin ya ci gaba, ciwon sukari da hawan jini ne ya kamata a auna.

Saura maganar aiki. Shugabanka yana da nasa uzuri, domin Ramadan ne lokacin da masu Umra suka fi yawa, kuma rashin direba ɗaya a tsakiyar watan ya fi masa ciwo a kan rashinsa yanzu. Wannan hujja ce a hannunka. Ka je masa tun kafin watan ya kama, ka ce kana da larurar da likita zai duba, ka nemi yini ɗaya ko biyu, ba lallai ka faɗi sunan ciwon ba, kuma takardar hutun jinya daga asibiti ta isa shaida. Idan hali ya yi, ka roƙi a mayar da kai gajeriyar hanyar Jidda zuwa Makka na ɗan lokaci, ko a haɗa ka da direba na biyu ku riƙa karɓa-karɓa. Idan azumin ya zo, ka raba ruwanka tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon ka kwankwaɗe shi lokaci guda, ka fara da dabino da miyar shufan, ka rage sambusa da soye-soye, ka sa ful ko kunun gero da ganye a sahur, ka sha garin ispagula da dare tare da cikakken kofin ruwa. Idan an yi maka ɗaurin roba, ka tambayi likita ranar da ya dace ka koma doguwar tafiya, kuma ka sanar da shi duk maganin da kake sha, har da sanamakin Hajiya. Ka nemi ganin likitan a cikin wannan makon, ka kuma rubuto mini abin da aka ce maka. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare hanya.